Ƙullun taurari: tambayoyi da amsoshi kan iskar gas da manyan biranen taurari na farkon zamani

Ina koyar da fiziks a wata sakandare a cikin garin Bauchi. Tun watan Yulin 2022, da hotunan farko na madubin hangen nesa na James Webb suka fara yawo a Facebook, ban huta ba. Ɗalibai su tare ni a bakin aji, 'yan majalisarmu su tsare ni bayan isha'i, har wani kawuna da ke kiwo wajen Liman Katagum ya aiko min da saƙon murya. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su wuri guda. Wanda ya san na farko-farkon ya tsallaka ƙasa, can tsokar take.

Mene ne birnin taurari, kuma me ake nufi da "babba"?

Shi ne abin da masana ke kira galaksi: taurari biliyoyi da iskar gas da ƙura, ƙarfin jan nauyi ya ɗaure su wuri ɗaya suna juyawa. Na fi son in ce birni, don yana da tsakiya mai cunkoso da unguwannin gefe. Namu sunansa Milki We, ranarmu kuwa tauraruwa ɗaya ce cikin aƙalla biliyan 100 da ke cikinsa. Farin layin nan mai kama da hayaƙi da ke ratsa sama a ƙauye, daren da babu farin wata, jikinsa ne muke gani daga ciki.

"Babba" a nan nauyi ake nufi, ba faɗi ba. Mudun awon kuwa rana ce: a ce birni kaza yana da nauyin rana biliyan kaza.

Kawu ya ce: wa ke nan shekara biliyan 13 da suka wuce, da har zai ba da labari?

Babu kowa, Kawu, Allah ya ƙara muku lafiya. Ɗan aike ne ya daɗe a hanya, sai yanzu ya iso. Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, amma duk da haka daga rana zuwa nan sai ya yi minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi. Idan kun dubi rana, yadda take minti 8 da suka wuce kuke gani. Birnin Andiromeda, maƙwabcinmu, haskensa shekara miliyan 2.5 yake yi a hanya. Haka abin ke tafiya: gwargwadon nisa, gwargwadon tsufan labari. Masana sun kiyasta shekarun sararin samaniya a biliyan 13.8, to birnin da haskensa ya yi shekara biliyan 13 yana tafe, muna ganinsa ne tun yana jariri.

Yadda ake sanin daɗewar kuwa, sararin da kansa yana buɗewa, sai igiyar hasken ta miƙe a hanya kamar roba. Ana rubuta miƙewar da harafin z. Ka ƙara 1 a kan z, ka sami sau nawa igiyar ta ƙara tsawo. Idan z ya zama 4, igiyar ta ninka sau 5, kuma hasken ya taso ne sararin yana da shekara kusan biliyan 1.5. Riƙe wannan lissafin, za mu buƙace shi a amsar na'urori.

Malam, gas ɗin nan irin na girki ne?

A'a. Ba irin wanda ake ɗurawa a tukunya ba ne, ba kuma irin wanda ake nema a Kolmani ba. Mafi yawansa haidirojin ne, sai hiliyom. Idan wuri ya yi sanyi kuma ya yi cunkoso, ƙwayoyin zarra na haidirojin sai su riƙe juna bibbiyu. Wannan haɗin shi ake kira molekul, a rubuta shi H2. Galibi a jikin ƙwayoyin ƙura haɗuwar ke faruwa, shi ya sa inda gas ɗin yake, nan ƙura take.

Kada kalmar cunkoso ta ruɗe ka. A cikin gajimaren da ake haihuwar taurari, wuri mai girman ɗan dunƙulen magi yana ɗauke da molekul ɗaruruwa ko dubbai. Iskar da kake shaƙa yanzu, a daidai wannan wurin, tana da kusan biliyan 25 sau biliyan. Girman gajimaren ne ke tara masa nauyi.

Tauraro wuta ne. Me ya sa sai daga gas mai sanyi zai fito?

Domin zafi watsa abu yake yi. Gas mai zafi ƙwayoyinsa a guje suke, ƙarfin jan nauyi ba ya iya tara su. Sai ya huce ya kai wajen digiri 260 ƙasa da sifili, sannan ya natsu, nauyinsa ya rinjaye shi, ya fara ruftawa cikin kansa. Ruftawar ce ke dawo da zafi a tsakiya, har ya kai wajen digiri miliyan 10, ƙwayoyin haidirojin su fara haɗewa suna zama hiliyom. Tauraro ya kunnu ke nan.

A aji nakan ce gas mai sanyi shi ne ƙullu, taurari su ne masa. Duk wanda ya taɓa tsayawa layin masa da safe a Bauchi ya san tambaya biyu ce ke gaban mai suya: ƙullu nawa ya rage a roba, kuma da wane sauri tanda ke cinye shi? Duk binciken da ake yi a wannan fanni, waɗannan tambayoyi biyu ne.

An ce ba a ganin haidirojin mai sanyi. To ta yaya aka san yana nan?

Gaskiya ne, kuma nan ne matsalar fannin gaba ɗaya. H2 tagwaye ne masu kama ɗaya, babu ɓarin da ya fi wani caji, don haka a cikin sanyi shiru yake, ba ya fitar da hasken da za a kama. Sai ya ɗumama da ɗaruruwan digiri yake motsi, kuma a lokacin ya daina zama ƙullun da muke nema.

Sai aka koma ga abokin tafiyarsa, kabon monoksaid, wato CO. Iskar nan dai da ke fita daga janareta, ko daga gawayin da aka hura a ɗaki a rufe lokacin hunturu, marar wari marar launi, wadda kan ɗauke mutanen gida cikin barci. Tunda maganar ta zo: kada a kwana da janareta a zaure, ko da ana tsoron ɓarayi. Shi CO ɓarinsa biyu ba daidai suke ba, kabon a nan, oksijin a can, don haka ko a tsananin sanyi in ya juya sai ya fitar da igiyar rediyo mai tsawon milimita 2.6. A 1970 Robert Wilson da Keith Jefferts da Arno Penzias suka fara kama wannan igiya daga gajimaren Oriyon. Sai farkon shekarun 1990 aka iya kama ta daga nesa sosai, a wani birni mai z na 2.3.

CO ɗin kaɗan ne ƙwarai, kusan ɗaya cikin H2 guda 10,000. Abin da ya biyo baya daga wannan ƙarancin, yana amsa ta gaba.

Idan CO ake gani, yaya ake sanin nauyin gas ɗin duka?

A ce ka tsaya kan dutse da dare kana son sanin yawan mutanen wani ƙauye, ba ka ganin komai sai fitilu. Sai ka ce kowace fitila mutum biyar, ka ninka. Lissafin ya yi, amma fa a daren da kowa ke gida. Daren biki, da kowane yaro ke yawo da tocila, in ka ninka da biyar ka cika ƙauyen da mutanen da babu su.

Haka masana ke yi. Suna auna hasken CO, su ninka da wata lamba. A Milki We lambar ta ɗan haura 4. A biranen da suka yi karo, inda gas ya ɗumama yana hargitsewa, CO ya fi haske, lambar da aka saba amfani da ita 0.8 ce. Bambancin ya kai ninki biyar. Birni ɗaya, haske ɗaya, wani ya ce gas ɗinsa nauyin rana biliyan 40 ne, wani ya ce biliyan 200, kuma babu wanda ya yi ƙarya. A biranen da ba su tara kabon da oksijin sosai ba kuma, abin juyawa yake: gas na nan jibge, CO ya yi ƙaranci, kamar ƙauyen da batir ya yi tsada.

Shi ya sa ake neman shaida ta biyu da ta uku. Ana auna ƙura, don a birane irin namu gas ya ninka ƙura nauyi kusan sau 100. Ana auna hasken ƙwayar kabon mai tsawon milimita 0.158, wanda ya fi CO ƙarfi nesa ba kusa ba. Ana kuma duba saurin juyawar birnin, a san iyakar nauyin da zai iya ɗauka. Ra'ayina, duk labarin da ya ba ka nauyin gas bai faɗi lambar da aka ninka da ita ba, karɓe shi da hannu ɗaya.

Da wace na'ura ake wannan aikin?

Uwa-uba ita ce ALMA, a hamadar Atakama ta ƙasar Chile: faranti 66, guda 54 masu faɗin mita 12, guda 12 masu mita 7, ana jera su har tazarar kilomita 16 su yi aiki kamar ido ɗaya. An ƙaddamar da ita a watan Maris na 2013. Tana kan tudu mai tsayin mita 5,000, wato ninki biyu na Chappal Waddi da ke Taraba, dutse mafi tsayi a Najeriya. Dalilin hawa can, duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo ya san shi: da damina, hadari na haɗowa hoto ya daskare, a bar 'yan kallo suna zagin mai gida. Tururin ruwa yana shanye irin waɗannan igiyoyi, na milimita ma ya fi shanye su, Atakama kuwa tana cikin wurare mafiya bushewa a duniya.

Akwai NOEMA a tsaunukan Faransa mai faranti 12, da VLA a Amurka mai faranti 27. Ga inda lissafin z ke shigowa: igiyar milimita 2.6 daga birni mai z na 4 takan iso da tsawon milimita 13, VLA ce ke kama wannan. CO yana da wasu igiyoyi gajeru da gas mai ɗumi ke fitarwa, su ALMA ta fi kamawa daga nesa, amma ta milimita 2.6 ɗin ce ke ba da labarin ƙullun duka.

Me ya sa madubin Hubble bai ga waɗannan biranen ba, alhali su ne manya?

Ƙura. Na taɓa aro ƙaramin madubi, na tara ɗalibai a filin makaranta wani dare a watan Janairu, na cika su da alkawari. Hazo ya sauka tun la'asar. Ko wata da ƙyar muka gani, ja wur kamar garwashi. Amma rediyon maigadi na gefe tana ta magana tar. Washegari da wannan na buɗe darasi: ƙura tana tare gajeriyar igiya, doguwa kuwa ratsa ta take yi.

Biranen da suka fi haihuwar taurari su suka fi ƙura. Ƙurar ta shanye hasken jariran taurari, ta ɗan ɗumama, ta sake fitar da shi a doguwar igiyar da ido ba ya gani. Kusan rabin hasken da taurari suka taɓa fitarwa ta wannan hanyar ya bi. A 1997 aka ɗora wata kyamara mai suna SCUBA a kan wani madubi a tsaunin Mauna Keya na Hawai, nan da nan aka fara tsintar birane masu haske a inda Hubble ke ganin duhu. Ɗaya daga cikinsu, HDF 850.1, an gano shi a 1998, amma sai 2012 aka san nisansa, shekara 14 ke nan, kuma igiyoyin CO ne suka warware: z ɗinsa 5.18.

Da wane sauri suke haifar taurari?

Milki We tana mayar da nauyin rana ɗaya zuwa biyu taurari a shekara. Waɗancan kuwa ɗaruruwa, wasu fiye da dubu. Misalin da aka fi ambata shi ne HFLS3, wanda madubin Herschel ya tsinto, aka sanar da shi a 2013. Z ɗinsa 6.34, wato sararin yana da shekara miliyan 880 kacal. Kiyasin farko: nauyin rana 2,900 a shekara, da gas mai nauyin rana biliyan 100.

Labarin bai tsaya nan ba, kuma ci gaban ya fi koyarwa. Daga baya aka gane akwai wasu birane a gabansa da nauyinsu ke lanƙwasa haskensa yana ƙara ƙarfi, kamar yadda gilashin tabarau ke tara rana. Da aka cire wannan, adadin ya sauko wajen 1,300. Sai James Webb ya duba, ya nuna ba birni ɗaya ba ne, taron birane ne da ke cin karo da juna. Har yanzu abin mamaki ne, amma ba yadda kanun labarai suka fara faɗa ba.

Ƙullun ne ya yi yawa, ko tandar ce ta fi zafi?

Duka biyu, amma yawan ƙullun ya fi tasiri. Tun 1959 Maarten Schmidt ya kawo cewa gwargwadon cunkoson gas, gwargwadon haihuwar taurari, Robert Kennicutt kuma ya auna dangantakar a birane da yawa a 1998. A 2010 tawagar Linda Tacconi da Reinhard Genzel, da ta Emanuele Daddi, suka auna CO a manyan birane na wajen shekara biliyan 10 baya, waɗanda ba su yi karo da kowa ba. Suka tarar kusan rabin nauyinsu gas ne. A birane irin namu yau, abin bai cika wuce kashi 10 cikin 100 ba. Wancan lokacin ne ganiyar haihuwar taurari a sararin samaniya, kusan ninki 10 na yau.

Masu zafin tanda su ne 'yan tsirarun da suka yi karo. Karon yana tura gas tsakiya ya matse shi, suya ta haukace. Irin su HFLS3 ke nan.

In haka ne, ai ƙullun zai ƙare da wuri?

Raba ka gani. Gas mai nauyin rana biliyan 100, ana cin 1,000 a shekara, shekara miliyan 100 ya ƙare. A ma'aunin sama wannan ƙiftawar ido ce. A birane irin namu lissafin yakan ba da shekara biliyan 1 zuwa 2, shi ma bai kai shekarun da suka yi suna haihuwa ba. Ke nan dole akwai mai kawo sabon ƙullu daga wajen niƙa. Masana suna ganin gas yana kwararowa cikin birane daga sararin da ke tsakaninsu, ta wasu dogayen jijiyoyi.

Abin da ya ƙarfafa wannan ra'ayi shi ne samun birane masu juyawa a natse kamar faifai tun da wuri. A 2020 ALMA ta nuna wanda aka laƙaba wa Faifan Wolfe, mai z na 4.26, yana juyawa da gudun kilomita 272 a daƙiƙa. A 2024 aka sami REBELS-25, lokacin sararin yana da shekara miliyan 700. Da karo kaɗai ke gina birni, da wuya a sami irin wannan tsari da sassafe haka.

Ina waɗannan biranen suke a yau?

Mafi rinjayen fahimta, su ne suka zama manyan birane masu siffar ƙwai, cike da tsofaffin taurari jajaye, haihuwa ta tsaya musu, irin M87 wanda aka fitar da hoton baƙin raminsa a 2019, wato wurin da ke tsakiyarsa da ƙarfin jan nauyi ya kai ko haske ba ya kuɓuta. Wasu da wuri suka daina. A 2021 tawagar Katherine Whitaker ta duba manyan birane shida da suka riga suka mutu sararin yana da shekara kusan biliyan 3, ta tarar robar ƙullun ce wayam. Abin da ake tuhuma: fashewar manyan taurari da ke kore gas waje, da baƙin ramin tsakiya, wanda in yana haɗiya yakan zafafa gas ɗin kewaye har ya kasa hucewa. Dalilin da ya sa zafi ke hana haihuwa, yana amsar da ta yi maganar sanyi.

Kabon da oksijin ɗin CO, daga ina suka fito tun farko?

Daga cikin taurari. Da farko haidirojin da hiliyom ne kusan kaɗai. Manyan taurari sukan rayu 'yan shekaru miliyan kawai, su dafa kabon da oksijin a cikinsu, su fashe su watsar. Ganin CO a birni shaida ce wasu taurari sun riga sun rayu sun mutu a can. A 2021 aka sanar da samun CO da ruwa a SPT0311-58, sararin yana da shekara miliyan 780. A 2025 kuma aka sanar ALMA ta kama oksijin a JADES-GS-z14-0, wanda muke gani bai cika shekara miliyan 300 da farawar komai ba.

Neman CO a can yana ƙara wuya saboda sararin da kansa ya fi ɗumi a lokacin. Yau digiri 2.7 yake sama da ƙarshen sanyi (wato digiri 273 ƙasa da sifili), a zamanin HFLS3 kuwa wajen 20, kusan daidai da gas ɗin da ake nema. Farar akuya ce a gaban farin bango.

Gaskiya ne James Webb ya rushe duk abin da masana suka sani?

A'a. Ya nuna birane masu haske sun bayyana da wuri kuma da yawa fiye da yadda aka zata, ana ta gyaran lissafi. Wasu da aka fara ɗauka manya ne, baƙin ramin tsakiyarsu ne ya ƙara musu haske. Kuma Webb taurari da gas mai zafi yake gani. Ƙullu mai sanyi har gobe sai an koma wurin ALMA da 'yan uwanta.

Malam, ɗan Bauchi zai iya shiga wannan fannin? Kuma akwai abin da zan gani da idona?

Zai iya. Fara da lissafi da fiziks, ko a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, ko ta Jihar Gombe, ko ta Tarayya da ke Kashere. Jami'ar Najeriya da ke Nsukka ta daɗe tana koyar da ilimin taurari, kuma a garin ne hukumar NASRDA ke da cibiyar binciken sararin samaniya. Koyi rubuta manhaja da Python tun yanzu. Bayanan ALMA sukan zama na kowa, galibi shekara ɗaya bayan an miƙa su ga masu binciken da suka nema, kyauta a intanet. Kuɗin data da wutar caji ne naka. Afirka ta Kudu tana da MeerKAT mai faranti 64, kuma can ake gina wani ɓangare na SKA, babban jerin na'urorin kama igiyar rediyo na haɗin gwiwar ƙasashe.

Biranen nesa ba sa ganuwa da ido, amma tanda ɗaya tana ganuwa. Daga Disamba zuwa Fabrairu, bayan isha'i, nemi taurari uku a jere reras. Kusa da su ta kudu akwai wani ɗan gajeren layi mai dushi-dushi, na tsakiyarsa kamar an shafa masa toka. Gajimaren Oriyon ke nan, inda aka fara kama CO. Hasken ya baro shi shekara kusan 1,350 baya, fiye da shekara dubu kafin Yakubu ya kafa garin Bauchi. Gaba da shi ta yamma ga kaza da 'ya'yanta, taurari 'yan shekara miliyan 100 da suka riga suka fita daga tanda. Zaɓi daren da hazo ya lafa kuma babu farin wata, ka fita bayan gari, ka kashe waya minti 20 ido ya saba da duhu kafin ka ɗaga kai.